Muryar Baba Mai Agogo

Tun ranar da abin ya faru shagon Baba Mai Agogo yake a garƙame. Malama ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon kwaɗon, ta leƙa ta gilashi ta hango kujerarsa da ɗan tabarau mai ido ɗaya da yake maƙalawa idan zai buɗe cikin agogo. Agogunan bango suna nan a jere, amma rabinsu sun tsaya, don babu mai wana su.

Mai shagon takalma da ke maƙwabtaka ya ɗago kai ya dube ta, ya mayar da kansa kan aikinsa. A da har kujera yake miƙo mata yana cewa surukar gida ta iso.

Ta juya ta kama hanyar ajinta.

Ajin wani ɗaki ne a saman shagon buga takardu, mai tagogi biyu da fanka ɗaya mai ƙara. Nan take tara 'yan mata da samari bayan sun tashi daga makaranta, tana koya musu aikin jarida da wayar hannu: yadda ake riƙe waya a kwance kada hoto ya yi rawa, yadda ake maƙala ɗan makirfo a wuyan riga, yadda ake tambaya sannan a yi shiru a bar mutum ya gama. Suna da shafinsu a intanet. Kuma ta kafa musu doka tun farko, kowane mako yaro ɗaya ne edita, shi ke riƙe lambar sirrin shafin, shi ke cewa a ɗora ko kada a ɗora. Tana alfahari da dokar nan ƙwarai. Takan ce yaron da ba a ba shi wuƙa ba ba zai san tana yanka ba.

To ta yanka, kuma ba yaron ta fara yanka ba.

Wanda za ta aura, kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake aikinsa ɗora farantan sola ne a rufin gidaje. Shi ne babban ɗan Baba Mai Agogo. Ƙanwarsa Auta tana cikin ɗaliban ajin, kuma da ƙyar tsohon ya yarda ta shiga. Magana ta yi nisa tsakanin gidajen biyu, saura kawai manya su zauna.

Baba Mai Agogo yana da in'ina mai nauyi. Tun yana saurayi ya daina magana a taro. Da nuni yake ciniki, da murmushi yake amsa gaisuwa, ba ya sakin baki sai a cikin gidansa. Da yaran suka ce suna so su yi rahoto kan sana'o'in da waya take kashewa, Malama ce da kanta ta je ta durƙusa a gabansa tana roƙo.

"Baba, babu wanda zai gani sai ka gani. Ni da hannuna zan gyara shi, in yanke duk inda harshe ya sarƙe."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai. Don ita ya yarda.

Ranar da za a gyara bidiyon, sai jikin Innarta ya tashi, ta kwashe ta zuwa asibiti. Ta manta ba ta cire hirar daga ma'ajiyar da duk ajin ke shiga ba, ta kuma manta ba ta faɗa wa kowa alkawarin da ta ɗauka ba. Mantuwa irin wannan ba ƙaramar aba ba ce, ko da mai yin ta tana da hujja. Kafin ta dawo an ɗora, ɗanye, yadda aka ɗauke shi.

Editar wannan makon kuwa Auta ce.

*

Da ta shiga ajin ta tarar yaran sun yi tsit. Ta sallame su da wuri. Kowa ya fita, Auta ta rage a kujerar baya, ta kifa kai a kan teburi.

"Auta, taso ki zo nan."

Yarinyar ta taso, idanunta sun kumbura. Tana zuwa ta zube a ƙasa ta kama ƙafar Malama.

"Anti, wallahi ban san haka za ta faru ba. Ke kika ce mana kada mu taɓa maganar mutum. Ke kika ce wanda ya yanke maganar wani ya yi masa ƙarya."

"Na faɗa."

"Sauran sun ce a yanke, na ce ba za a yanke ba. Na ce haka Babana yake magana. Ni ban taɓa jin wani abu a ciki ba, Anti. Tun ina ƙarama haka yake ba ni labari, in ya tsaya sai in jira shi. Na ɗauka kowa zai jira shi."

Malama ta rufe ido. Hawaye ya gangaro mata har cikin wuya.

"Yau zan faɗa masa," in ji Auta. "Yaya ya ce Baba ya rantse sai an kawo masa sunan wanda ya ɗora."

"Ba za ki faɗa ba."

"Anti..."

"Na ce ba za ki faɗa ba! Gaya mini, tun da abin nan ya faru, da wa yake magana a gidan?"

Auta ta ce, "Da ni. Ko Mama sai dai ya yi mata nuni."

"To kin gani. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya da yake buɗe baki a gabansa ba tare da tsoro ba. Idan kika faɗa, kin ƙwace masa wannan ma. Kuma zai cire ki daga nan, ya karɓe wayar, ba ki ba karatun jarida har abada."

"Ke fa? Auren fa?"

"Tashi ki wanke fuska. Na riga na kira sauran ɗaya bayan ɗaya, sun yi mini alkawari. Abu na farko da na koya muku shi ne ɗan jarida ba ya tona wanda ya ɓuya a bayansa. Yau za mu ga ko darasin ya zauna."

*

A gida ta tarar da motar ɗan kawunta a ƙofa. Shi ne wanda ake kira Sarkin Dariya, mai shafin barkwanci da dubban mutane ke bi. Ya daɗe yana nemanta, ta daɗe tana kauce masa. Kuma shi ne ya sauke hirar daga shafin yaran, ya tsinto duk inda tsohon ya sarƙe, ya jera su ya ɗora musu kiɗa. Malama ta goge bidiyon ajinta tun a asibiti, amma nasa ya riga ya shiga kowace waya. Yara a titi suna rera shi suna tafi.

Yana zaune a falo ya ɗora ƙafa kan ƙafa, turarensa ya cika ɗakin. Inna tana kishingiɗe a doguwar kujera da ledar magungunanta a gefe.

"A'a, ga 'yar jaridar gidanmu! Ƙanwata, irin wannan ɗaure fuska kamar an aiko ki karɓar haraji?"

Ta gaishe da Inna ta nufi ɗaki.

"Dawo nan," in ji Inna. "Yayanki yana miki magana."

"Inna, ba ni da abin da zan ce masa."

"Haba ƙanwata, wasa ne fa. Ni taimakon tsohon na yi. Da wa ya san shi? Yanzu in ya buɗe shago layi za a yi."

"Layin masu gyaran agogo ko layin masu son ya buɗe baki su yi dariya?"

Ya yi 'yar dariya yana juya makullin mota a yatsa. "Duk ciniki ne."

"Ka goge shi."

"In na goge nawa, na sauran mutane fa? Amma tun da ke ce, zan duba. Ki ba ni fuska kawai, ki ga yadda ake goge abu."

Malama ta dube shi tun daga takalmi har hula. "Da a ce kai kaɗai ka rage namiji a duniya, da na zauna a gaban Inna har furfura."

"Ke! Ki iya bakinki!" Inna ta yunƙura ta zauna, tana dafe ƙirji. "Kin ga yadda kike? To bari in gaya miki, ɗazu uwar Injiniya ta kira ni. Maganganun da ta faɗa mini ban taɓa jin irinsu ba tun da na zo duniya. Wai mun aiko ki ki tozarta mijinta. Ni da nake kwance a gadon asibiti! Sun ce ki faɗi sunan yaron da ya yi, su je wurin iyayensa, magana ta mutu. Mene ne wahala a ciki? Ɗan wani ne ya fi miki aurenki?"

"Ni ce na yi, Inna."

"Ƙarya kike! Kina gefena kina riƙe mini robar ruwa. Da wane hannun kika yi?"

"Ajina ne. Alkawarina ne."

Inna ta fashe da kuka. "Na shiga uku ni 'yar nan. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke kina nan kina bin yara da waya a titi. Ga ɗan uwanki nan, da mota da gida, ya ce a ko'ina kike yana so. Wancan gidan kuwa ko kin shiga ba za ki ƙara shan ruwa da daɗi ba. Ki tausaya mini, ki bar ni in ga aurenki kafin ciwon nan ya kai ni."

Malama ta durƙusa ta riƙe hannunta. Sarkin Dariya yana gefe yana latsa waya, yana murmushi.

*

Washegari da la'asar Injiniya ya zo ajin. Ya hau matakalar a hankali, ba irin hawan da ya saba ba. A da tun daga ƙasa yake kiran, "Ina shugabar 'yan tsegumi?" yaran su kwashe da dariya. Yau sallama kawai ya yi, ya tsaya a bakin ƙofa da kayan aiki a jikinsa, hannayensa duk ƙura.

"Shigo mana, Injiniya."

"Nan ma ya isa."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta.

"Kin san rabon Baba da cin abincin kirki? Jiya ya fita masallaci, wasu yara suka biyo shi suna rera abin nan. Ya dawo ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɓoye harshensa, rana ɗaya kika kai shi kasuwa."

"Na sani. Wallahi na sani."

"To ki taimake ni. Na san ba ke ba ce, kina asibiti, ni na kai ku. Baba ya ce suna kawai yake so. Ba zai kai ƙara ba, ba zai daki kowa ba. So yake ya ga yaron, ya tambaye shi me ya yi masa. Daga nan ya ce manya su zauna. Na tambayi Auta, ta ce ba ta sani ba, sai kuka. Na tare yaranki biyu a hanya, kamar an ɗinke musu baki. Ke kaɗai kika rage."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Injiniya, yara ne. Ni na ba su lambar, ni na koya musu kada su yanke magana, ni na manta ban gaya musu na yi wa Baba alkawari ba. In akwai mai laifi ga ta a gabanka."

"Ban tambaye ki mai laifi ba. Wa ya danna?"

Fankar tana ta ƙara a samansu.

Ya shigo ɗakin a ƙarshe, ya zauna a ɗaya daga kujerun yaran, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Muryarsa ta karye.

"Kin tuna ranar da na zo ɗora muku sola a rufin nan? Kika aiko yara su yi hira da ni ina saman tsani, kina ƙasa kina cewa in daina kallonki in kalli waya. Tun ranar ban ƙara kallon wata ba. Ɗakin da na gina, ke kika zaɓi inda taga za ta kasance. Yanzu duk wannan za ki ajiye saboda ɗan wani? Wane yaro ne wannan da ya fi ni a wurinki?"

Kalmar tana bakinta. Ƙanwarka ce. Da ta faɗa, da ya fahimta nan take. Amma ta san shi, ba ya iya ɓoye wa mahaifinsa komai, fuskarsa kaɗai za ta tona. Ta haɗiye ta.

"Ba wanda ya fi ka," ta ce, hawaye na zuba. "Ko a mafarki ba wanda ya fi ka. Amma kada ka sa ni in sayi aurena da yaro. In na yi haka, da wane ido zan ƙara shiga ajin nan? Da wane ido za ka dube ni, ranar da muka samu namu?"

"Namu," ya maimaita, ya yi wata dariya marar daɗi. Ya miƙe ya goge fuska da hannun riga. "Baba ya ce in kin ƙi, ki zo ki faɗa masa da bakinki. Taso mu je."

*

An kwaso wasu agogunan daga shago an jera su a ɗakin tsohon, kan teburi da kan taga. Yana zaune a tabarma ya jingina da bango. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Auta tana gefensa tana tsiyaya masa shayi, da ta ga Malama sai ta ajiye butar.

Malama ta cire takalmi ta durƙusa daga nesa.

"Baba, an wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Ya ɗaga hannu kawai. Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ba wanda ya motsa.

"W-wa... wa ne?"

"Ni ce, Baba."

Ya girgiza kai.

"Ni na zo har shagonka na durƙusa. Ni na ce ba wanda zai gani sai ka gani. Ba yaron da ya yi maka alkawari, ni na yi, ni na karya. A yi mini duk hukuncin da ya dace, amma ba ni da wani suna da zan bayar sai nawa."

Auta ta buɗe baki. Malama ta ɗago ta zuba mata ido, irin kallon da take yi musu a aji idan wani zai katse mai magana. Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawayenta na ɗiga a kan tire.

Tsohon ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya ɗauko wani ƙaramin agogon hannu. Na mahaifin Malama ne, marigayi. Ta kawo masa shi tun kafin wannan fitina, ya ce babu kayan gyaransa yanzu amma zai nema, kuma ba zai ba ta ba sai ranar da ta shigo gidansa. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya kara a kunne, sannan ya ajiye shi a kan tabarma ya tura mata.

"Y-ya... yana aiki." Ya numfasa. "Na d-ɗauke ki 'ya. K-ki je. Allah... ya ba ki w-wani."

"Baba!" in ji Injiniya.

Tsohon ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Shi ke nan. A gidan nan ba a ƙetare wannan yatsan.

Malama ta ɗauki agogon da hannu biyu. Ta ja da baya ta sa takalmi, ɗaya a karkace, ta fito tsakar gida.

Injiniya ya biyo ta har bakin ƙofar gida.

"Dube ni," ya ce. "Wannan ne na ƙarshe. Suna ɗaya, in koma ciki yanzu in gyara komai."

Ta dube shi sosai, kamar mai son haddace fuskar.

"Ni ce."

Ya tsaya kaɗan. Sannan ya juya ya shige ɗakinsa, wanda ita ta zaɓi inda tagarsa za ta kasance, ya turo ƙofa.

Ta sa hannu za ta buɗe ƙofar gidan, sai ta ji muryar Auta ta tagar tsohon, tana rawa.

"Baba, ina da magana."

Malama ta daskare, hannunta a kan sakata.

Sai muryar tsohon ta fito, a sake, a hankali, irin wadda ba ya yi wa kowa sai Auta.

"B-ba yau ba, Auta. Na gaji. Z-zauna nan kusa da ni. Duk d-duniya ke kaɗai ce ba ki t-taɓa ba ni kunya ba."

Malama ta jira. Ta ji ƙarar agogunan ɗakin, ta ji an ajiye kofi a kan tire. Auta ba ta ƙara cewa komai ba.

Ta zare sakatar ta fita, ta jawo ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara. A titi wasu yara suna wasan ƙwallo, ɗaya daga cikinsu yana rera waƙar nan. Ta damƙe agogon mahaifinta a tafin hannu, yana bugawa, ta bi ta gabansu ta wuce.